Keɓewa da Allah a Tsakiyar Hidimar Ikilisiya a Kudancin Birnin Kaduna

Tun bayan rikice-rikicen shekarar 2000 da 2002, waɗanda suka sa Kiristoci da yawa suka ƙaura zuwa kudu da kogin Kaduna, unguwanni irin su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora suka cika da majami'u, har ya zama da wuya a sami ranar da babu taro: yau zumuntar mata, gobe koyon waƙa, jibi nazarin Littafi Mai Tsarki, ga kuma gaishe da marasa lafiya da zuwa ta'aziyya. Wannan himma abar yabo ce, sai dai tana tafe da haɗarin da ba a cika magana a kansa ba, wato mutum ya shagala da aikin Ubangiji har ya rasa lokacin zama da Ubangijin kansa.

Abin da ake nufi da keɓewa shi ne ɗan lokacin da mai bi yake warewa kowace rana, galibi da asuba kafin gida ya tashi, ya karanta nassi, ya yi bimbini, wato ya juya abin da ya karanta a zuciyarsa, sa'an nan ya yi addu'a. Markus ya ba da labarin yadda Yesu ya fita da sassafe zuwa wurin da ba kowa domin addu'a, bayan yinin da ya cika da warkarwa. Luka kuma, a sura ta 10, ya nuna cewa zaman Maryamu na sauraron Yesu ya fi ɗawainiyar Marta, ko da yake ɗawainiyar ba laifi ba ce. Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba, domin an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, ga kuma Abincin Yini, littafin karatun kullum da ikilisiyar ECWA take fitarwa.

A irin wannan zama ne godiya take yin saiwa. Bikin godiya na shekara, inda ake shiga da rawa da buhunan masara da doya, yana da daraja, amma yini guda ne, alhali iyalan da rufe masaƙun Kakuri ya bari ba albashi, da mai sayar da tumatir da ke fama da kuɗin haya da na makarantar yara, suna bukatar abin da zai riƙe zuciya sauran kwanakin. Wanda ya saba ambaton alheran Allah ɗaya bayan ɗaya kowace safiya, daga lafiyar yara zuwa dawowa gida lami lafiya, ba ya musun wahalarsa, sai dai wahalar ba ta rufe masa ido har ya daina ganin komai. Hidimar da ba ta da wannan tushe kuwa takan koma gunaguni da ƙorafin cewa ba a yaba ba, daga nan sai gajiya da saɓani.

Saboda haka nauyi yana kan fastoci da dattawan ikilisiya su rage cunkoson taruka, su kuma riƙa tambayar masu hidima yadda zamansu da Allah yake kafin su ɗora musu sabon aiki.