Amosanin Gaɓɓai Mai Kumburi a Ƙasar Gobir: Yadda Nisan Magani Ke Ƙara wa Cuta Tsanani

Amosanin gaɓɓai mai kumburi, wanda likitoci ke kira rumatoyid, cuta ce da ke tasowa idan garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, ta juya ta afka wa siririyar fatar da ke shimfiɗe a cikin gaɓa, har ta kumbura, ta riƙa cin guringuntsi da ƙashin da ke kusa da ita. Ta bambanta da amosanin tsufa, wanda zaizayar gwiwa ko ƙugu ke kawowa, domin ita takan fara ne da ƙananan gaɓɓan yatsu da wuyan hannu da ƙafa, dama da hagu a tare, kuma mai ita yakan tashi da safe gaɓɓansa a sage na tsawon sa'a guda ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da ita, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

An daɗe ana ɗauka cewa cutar ta Turawa ce, ganin cewa a Arewacin Turai da Amurka tana kama tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na manya. A 1969 Dokta Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki a Zariya, ya ruwaito daga asibitin koyarwa na Ibadan cewa ba ta da yawa kuma ba ta cika tsanani ba, sannan wani bincike da aka buga a 1993 bai sami mai ita ko ɗaya ba cikin mutum kusan 2,000 a karkarar kudu maso yammacin Najeriya. Sai dai tun a 1975 masu bincike a Afirka ta Kudu suka lura cewa ta fi yawa a cikin baƙar fata mazauna Soweto fiye da na ƙauye, kuma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka wallafa bayanin majinyata 200 da suka duba a Legas. Wannan ya nuna cewa wani kaso na ƙarancin da ake magana a kai ƙarancin masu gano cutar ne.

Bambancin da ya fi tabbata tsakanin yankunan duniya yana wajen tsananin cutar. Binciken QUEST-RA, wanda Dokta Tuulikki Sokka ta ƙasar Finland ta jagoranta aka kuma buga a 2009, ya duba majinyata kimanin 6,000 a ƙasashe 25, ya gano cewa gwargwadon ƙarancin arzikin ƙasa, gwargwadon yawan kumburi da naƙasar majinyatanta. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne lokaci, domin ɓarnar da kumburi ke yi wa ƙashi tana farawa da wuri kuma ba ta komawa, shi ya sa ƙa'idar jinya ta zamani ta ce a fara maganin danne cutar cikin watannin farko. Ginshiƙin wannan jinya shi ne metotireksat, ƙwaya mai sauƙin kuɗi da ake sha sau ɗaya a mako, wadda akan haɗa da salfasalazin ko haidiroksikulorokwin. Alluran zamani masu toshe sinadarin kumburi, da suka fara fitowa a Amurka a 1998, na waɗanda magungunan farko suka gaza wa ne.

Idan aka auna wannan ƙa'ida da halin da ake ciki a Sabon Birni da Isa, ƙananan hukumomi biyu na ƙasar Gobir a gabashin jihar Sakkwato da ke makwabtaka da jihar Maraɗi ta Nijar, za a ga inda giɓin yake. Macen da yatsunta suka fara kumbura har daka da jan guga da wanki suka gagare ta, yawanci akan ce sanyi ne ya kama ta, sai a bi hanyar jiƙo da shafe-shafe, ko a kira wanzami ya yi ƙaho da tsaga. Daga nan sai kemis, inda ake ba da diklofenak da firednisolon ko dekzametazon, waɗanda ke kwantar da zogi nan take, amma yawan shan su ba tare da kulawar likita ba yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda da hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi, alhali gaɓa na ci gaba da lalacewa. Ƙwararrun likitocin gaɓɓai kaɗan ne a Najeriya, kuma a manyan birane suke, don haka babbar madogarar yankin ita ce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar sa'o'i a kan hanyar da hare-haren 'yan bindiga suka sa ta zama abin tsoro, hare-haren da tun 2019 suka kori dubban mutane zuwa ƙauyukan Gidan Rumji a Nijar.

Ko an kai ga likita, akwai sharuɗɗan da suka fi nauyi a wannan yanki fiye da Turai. Gwajin jinin da aka fi sani da shi, mai neman sinadarin rumatoyid, yakan nuna alama ga mai tarin fuka ko ciwon hanta ko maimaicin zazzaɓin cizon sauro ba tare da yana da amosani ba, don haka hannun likita mai taɓa gaɓa ya fi takardar gwaji muhimmanci. Metotireksat yana buƙatar auna jini da hanta lokaci-lokaci, yana da haɗari idan aka sha shi kullum bisa kuskure, kuma ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, abin da ke da nauyi a yankin da mata ke haihuwa da yawa. Alluran zamani kuwa, baya ga tsada a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci suke fita, suna buƙatar firiji mai wuta a kai a kai, kuma suna iya tayar da tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B da ke kwance a jiki.

Saboda haka abin da zai fi rage naƙasa a ƙasar Gobir yana cikin abin da hannu zai iya kaiwa. Ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kemis za su iya koyon alamomi uku, wato kumburin ƙananan gaɓɓai, da doguwar sagewar safe, da ciwon da ya haura makonni shida, su tura mai su gaba maimakon ƙara masa ƙwayar zogi. Manyan asibitocin Isa da Sabon Birni za su iya ajiye metotireksat da kayan gwajin jini, ƙwararre a Sakkwato ya tsara jinya, likitan gida ya ci gaba da bibiya ta waya, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar kuma ta sanya waɗannan magunguna cikin abin da take biya. Majinyaciyar da aka gano cikin watanni uku tana da kyakkyawar damar ci gaba da sana'arta, wadda aka gano bayan shekaru kuwa, sai dai a rage mata ciwo, domin yatsun da suka karkace ba magani ke miƙe su ba.