Littafin 1895 da ya raba ɗan Adam gida biyu

A 1895 marubucin Ingila H. G. Wells, mai ra'ayin gurguzu, ya wallafa ƙagaggen labari, The Time Machine. Jarumin ya hau wata na'ura zuwa shekara ta 802,701, ya iske mutane kashi biyu. Eloi, jikokin masu hali, suna hutawa a doron ƙasa. Morlocks, jikokin ma'aikata, suna kula da injuna a ƙarƙashin ƙasa, da dare su fito su cinye Eloi.

Halin ƙasarsa Wells ya duba. Sai a 1842 Ingila ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki cikin ramukan kwal. Yana gargaɗi ne cewa in arzikin masana'antu ya tsaya hannun 'yan tsiraru, su ma ba za su tsira ba.