Jingar Haɗeja: Aikin Wane Ne?

Duk daminar da Kogin Haɗeja ya cika ya batse, matasan gari kan fito aikin gayya, suna ɗura ƙasa a buhuna don ƙarfafa jinga. Haka aka yi a ambaliyar 2020.

Sai dai matsalar ta fi ƙarfin buhu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa. Sakin ruwa kuwa yana hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta tarayya ce.

Shi ya sa manomin yankin ke ganin nasa shi ne gayya da ƙuri'a, yashe kogi kuma haƙƙin gwamnati.