Yadda Kiɗan Fela Ya Ci Kasuwa a Broadway

Duk wanda ya yi fatauci ya san kaya ba ya yin daraja a inda aka samo shi. Koko yakan bar Kumasi a buhu, ya dawo mana cakulan cikin takarda mai ƙyalli, farashi ya ninka. Ni da na yi shekaru ina sayar da atamfa, na lura kiɗa ma haka yake. Ga misali daga shekarar 2010.

A birnin Niyok na Amurka akwai jerin manyan gidajen wasa da ake kira Broadway. Ba fim ake nunawa ba, mutane ne a kan dandamali suna wasan kwaikwayo da waƙa da rawa, makaɗa na kaɗawa nan take. Tun 1947 ake raba kyautar Tony ga wasannin da suka yi fice, kuma wanda ya ci ta, tikitinsa sai ya yi ta tafiya kamar tsire a daren salla.

Da can kiɗan gidajen nan mai sanyi ne, irin na manya. Wasan Hair ne ya shigo da kiɗan rok mai jita da ganguna a 1968. A 1975 The Wiz, wanda 'yan wasansa duk baƙar fata ne, ya zo da sol, wato kiɗan baƙaƙen Amurka da ya tsiro daga waƙoƙin majami'unsu, ya kwashe kyauta 7. Da aka zo 2010, wasanni huɗun da suka yi takarar gwarzon wasan waƙa duk masu zafin kiɗa ne: Memphis, American Idiot, Million Dollar Quartet, sai na huɗu mai suna Fela!

E, Felan da kuka sani, na Legas.

In an bi sawu, ba abin mamaki ba ne. Sol ya daɗe da sauka a ƙasashenmu. James Brown ya yi wasa a Legas a 1970. Ranar 6 ga Maris 1971 aka yi taron Soul to Soul a Akra, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka cashe; dattawan zango har yau suna ba da labarinsa. Shi kuwa Fela ya je Amurka a 1969, ya dawo ya gauraya abin da ya jiyo da hailaif da gangunan Yarbawa, ya ƙara wa kiɗansa na Afrobeat yaji. Kaya ya fita, ya shigo, ya sake fita.

Wasan Fela! ya buɗe a Broadway a Nuwamba 2009. Bill T. Jones ne ya shirya shi, Jay-Z da Will Smith da matarsa Jada suna cikin waɗanda suka zuba jari, Sahr Ngaujah, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, ya fito a matsayin Fela. Ba a ɓoye ɗacin labarin ba: harin da sojoji suka kai gidansa na Kalakuta a 1977, da jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, abin da ya yi ajalinta a 1978.

An sa sunan wasan a rukuni 11, ya ci 3: tsara rawa, sutura da sauti. Babbar kyautar kuwa Memphis ya tafi da ita, labarin wani Bature mai gabatar da shiri a rediyo da ya riƙa sa faifan baƙar fata a zamanin wariya, shekarun 1950. David Bryan na ƙungiyar Bon Jovi ne ya yi masa kiɗa. Wasu na ganin an danne Fela!, wasu suka ce waƙoƙin Memphis sababbi ne, na Fela kuwa tsofaffi aka ɗauko. Kowa da hujjarsa.

Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Fela ya rasu a 1997, bayan ya sha duka da ɗauri. Sai da wasu a hayin teku suka gyara kayan, suka zuba a mazubi mai kyau, sannan a 2011 aka kawo wasan Legas, mutanen gari suka sayi tikiti don kallon labarin ɗan garinsu. Ba laifinsu ba ne, sun ga kasuwa sun shiga. Kuma ba kowane halin Fela ne uba zai so ɗansa ya ɗauka ba, wannan kowa ya sani. Amma waƙoƙinsa sun tsira ne don an adana su, an kuma san masu haƙƙinsu.

To 'yan'uwa, namu fa? Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Kaset-kaset ɗinsu na nan a akwatunanmu, zafi da ƙura na cin su, yaranmu da aka haifa a Akra da Yawunde da Njamena kuwa rabin zancen ciki ba sa ganewa. Mu fito da su, mu sa yaran su juye su a waya, mu zauna mu warware musu kirarin da habaicin. In ba haka ba, wata rana baƙo ne zai ɗauka ya gyara, jikokinmu su bi layi su saya.