Shin Ko Kun San Maiduguri Da Meziko Kwanonsu Ɗaya?

Tsakanin Maiduguri da babban birnin Meziko akwai fiye da kilomita 11,000. Ga teku a tsakani. Amma ku leƙa abin da suke ci!

Mu fara da fara. A Maiduguri ana soya ta, a barbaɗa gishiri da yaji, a ƙulla a leda. To, a kasuwannin Wahaka da ke kudancin Meziko ma tsibi-tsibi ake kasa ta, jawur, da barkono da lemun tsami. Su har cikin waina ta masara suke naɗe ta. A Yuganda kuwa idan lokacinta ya yi, fitilu ake kunnawa da dare a yi ta kamu!

Barkonon da ke cikin yajin nan fa? Daga can nahiyar su Meziko ya zo mana. Haka masara. Haka tumatir. Mu ma ba mu zauna da hannu rabbana ba: tsamiya 'yar Afirka ce, yau ga ta a Meziko ana jiƙa ta a sha da ƙanƙara, kamar yadda Barebari da Shuwa ke shan ardeb. Sai dai su alewa ma suke yi da ita, su zuba mata barkono. Wannan kam, su sha abinsu.

Zoɓo fa? Tan-tan ake lodinsa busasshe daga arewacin Najeriya zuwa Meziko. A Masar kuwa da zafinsa ma ana shan sa, kamar shayi.

Yanzu ku gyara zama. A yankin Kanem na Chadi, gabas da Tafkin Chadi, matan Kanembu na kwasar wani koren gansakuka daga kududdufan kanwa. Su shanya shi a kan rairayi, su yanka gunduwa-gunduwa, su sa a miya. Dihe suke ce masa. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Da aka auna, kusan kashi 60 cikin 100 nasa furotin ne! Shi ne spirulina da ake sayarwa ƙwaya-ƙwaya a kantunan Turai da tsada.

Su wa kuma aka sani da cin sa tun da? Mutanen Aztek na Meziko! Sifaniyawan da suka isa birninsu a 1519 sun tarar ana sayar da shi a kasuwa, an kwaso daga tafkin Teskoko, an busar, an yanka.