GANSAKUKA: MU SAN TA, MU TSARE RUWANMU

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Kurfai, kowa ya san gansakuka. Muna ganinta a bakin rijiya, da kwamin shayar da bisashe, da tankin lambu, da cikin tabki. Amma ba iri ɗaya ba ce. Wata ƙazanta ce kawai. Wata kuwa tana iya kashe saniya cikin yini guda. Ya kamata mu san bambancinsu.

MECE CE GANSAKUKA?

Halitta ce mai rai. Ba ta da saiwa, ba ta da ganye. Ƙwaya ɗaya ido ba ya ganinta, sai da madubin likita. Sai sun taru da yawa muke ganin launinsu.

Abu 3 ke raya ta: hasken rana, da ruwan da ke kwance, da abinci. Abincinta shi ne kashin dabbobi, da fitsarinsu, da takin zamani, da ragowar dusa da ke faɗawa cikin ruwa.

IRI NA 1: MAI RUWAN ƘASA

Tana liƙewa a jikin kwami ko tanki kamar ƙura mai santsi. In ka shafa da yatsa, sai ta goge. Kowace ƙwaya tana da ɓawo mai kamar gilashi. Tana gina ɓawon nan da wani sinadari na cikin rairayi, wanda ke narkewa kaɗan kaɗan cikin ruwa.

A Turai da Amurka akwai masu kiwon kifin teku cikin akwatin gilashi don ado. Su ma tana damunsu, musamman a makonnin farko bayan sun zuba sabon rairayi. Suna tace ruwan, suna rage abincin kifin, suna sa dodon koɗi ya cinye ta. In abincinta ya ƙare, sai ta ragu da kanta. Mu ma dabarar ke nan: a hana ta abinci.

Wannan iri ba ta da guba. Amma santsinta yana riƙe dauɗa, yana sa ruwa wari.

A lura: ruwan wasu famfuna yana barin ja-ja kamar tsatsa a jikin mazubi. Wannan ƙarfe ne da ke cikin ruwan. Shi yana fitowa ko a cikin duhu. Gansakuka kuwa sai da haske.

IRI NA 2: TSANWA MAI ZARE

Tana da tsawo kamar gashi. In ka tsoma sanda, sai ta fito da zare yana rataye. Ita ma yawanci ba ta da guba. Amma tana toshe bututu da bakin butar ban-ruwa.

IRI NA 3: MAI KAMAR FENTI

Wannan ita ce mugunya. Launinta tsanwa ne mai sirkin shuɗi. Tana tasowa saman ruwa kamar an zuba fenti. Iska tana tara ta a gefen tabki, daidai inda dabbobi ke sa baki. Ta fi yawa lokacin zafi, sa'ad da tabki ya fara janyewa.

Wani lokaci tana da guba mai lalata hanta ko jijiyoyi. Dabbar da ta sha takan yi kasala, da rawar jiki, da tangaɗi, da zawo. Wata ta mutu cikin ƴan awoyi. A shekarar 1878, a ƙasar Ostareliya, aka fara rubuta labarin dabbobin da suka mutu bayan sun sha ruwan wani tabki mai irin wannan gansakuka. A shekarar 2020, giwaye fiye da 300 suka mutu a ƙasar Botsuwana. Hukumar ƙasar ta ce gubar nan ce sanadi. Abin da ya kayar da giwa, ina ga tunkiya?

YADDA ZA A GANE TA

Tsoma busasshiyar sanda cikin ruwan. In ta fito kamar an shafa mata fenti, babu zare, to, a yi hattara.

Ko kuma ka ɗebi ruwan cikin kwalba mai haske, kada ya taɓa hannunka. Ajiye ta wuri mai sanyi, ta kwana. In tsanwar ta taru a sama, alamar mugunyar ce.

ABIN DA ZA MU YI

1. A rufe randa, da tulu, da tano. A ajiye su a inuwa.

2. A zubar da ruwan kwami sau 1 a mako. A goge shi sosai, a ɗauraye, a bar rana ta busar da shi.

3. A share kashin dabbobi daga bakin rijiya. Kada a tara taki inda ruwan sama zai kai shi tabki.

4. In tabki ya yi kamar fenti, a janye dabbobi, a shayar da su a rijiya. A hana yara wanka a ciki.

5. Kada a sha ruwan nan ko an tafasa shi. Wuta ba ta kashe gubar.

6. In dabba ta kamu, a gaggauta sanar da ma'aikacin kiwo na kusa ko na Filinge. Kada a ci namanta. In mutum ne, a kai shi likita nan da nan.

Ƴan'uwa, rijiya ta kowa ce, kwami ma na kowa ne. Kowane gari, daga Shikal har Tukunus, ya zaɓi ranar wanke kwaminsa. Aikin awa 1 ne, amma yana iya tsare garke. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta, ya gaya wa wanda bai karanta ba.