Kiton a Fitsarin Mai Ciki: Yaushe Ne Abin Damuwa?

Ranar awon ciki, mata da yawa daga Mandera da sauran ƙauyukan Boɗinga da Shagari kan bar gida da sassafe ba su karya ba, su hau kabu-kabu, su zauna kan benci har rana ta take. In layi ya zo kansu, ma'aikaciyar jinya ta miƙo ɗan kwalba a kawo fitsari, ta tsoma wata siririyar takarda mai gidaje kala-kala. Kafin minti ɗaya wani gida ya rikiɗe zuwa ruwan hoda ko shunayya, sai a rubuta a kati cewa akwai kiton. Daga nan hankalin mace ya tashi, ta koma gida tana zaton an gano mata wata muguwar cuta.

Kiton ba cuta ba ne. Sinadari ne da hanta ke samarwa idan sukarin da jiki ke samu daga tuwo, fura ko shinkafa ya yi ƙaranci. Kamar yadda maigida ke buɗe rumbu idan hatsin cefane ya ƙare, haka jiki ke komawa kan kitsen da ya ajiye. Ƙona kitsen ne ke haifar da kiton, ƙoda kuma ta zubar da rararsa cikin fitsari. Abin da takardar ke faɗa shi ne jikin nan yana jin yunwa. Aikin likita shi ne ya gano dalili.

Mai juna biyu ta fi kowa saurin shiga wannan hali, domin jaririn da ke cikinta yana zuƙar sukari dare da rana. A 1982 wasu likitoci a birnin Chicago na Amurka, cikinsu har da Boyd Metzger da Norbert Freinkel, sun nuna cewa tsallake karin kumallo kaɗai ya isa ya ɗaga kiton a jinin mace mai tsohon ciki, ko da lafiyarta ƙalau. Saboda haka ɗan kiton da aka gani a fitsarin wadda ta wuni kan layi ba ci ba sha, ko mai azumi a zafin Sakkwato da kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, yawanci abinci da ruwa ne maganinsa. In ta ci ta sha aka sake gwaji, sai a ga ya ɓace.

Wurare biyu ne ba a wasa da su. Na farko shi ne laulayi mai tsanani. Tashin zuciya a farkon ciki abu ne da aka saba, amma akwai ƙalilan, kusan ɗaya zuwa uku cikin ɗari, da ko ruwa ba ya zama a cikinsu. Za ka ga leɓe ya bushe, ido ya faɗa, zane ya yi mata yawa, fitsari ya ragu ya yi ja. A nan al'adarmu ta kunyar cikin fari tana cutarwa: yarinya ta ɓoye, uwar miji ta ce “ai laulayi ne, duk mun yi,” har a kwashe makonni. Irin wannan tana buƙatar ƙarin ruwa, maganin tsayar da amai, da bitamin B1, wanda rashinsa kan taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙungiyar likitocin mata ta Ingila, a ƙa'idojinta na 2024, ta ce kada a auna tsananin laulayi da kiton ɗin fitsari. A dubi matar kanta, ko da takarda ba ta nuna komai ba.

Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne kiton tare da ciwon suga. A nan sukari na nan jingim a jini, amma rashin isasshen insulin ya hana shi shiga inda ake buƙatarsa, sai jiki ya yi ta ƙona kitse har kiton ya taru ya gurɓata jini. Alamunsa ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, ciwon ciki, amai, numfashi sama-sama mai zurfi, da magagi. Ga mai ciki wannan na iya faruwa ko da sukarin bai hau sosai ba, kuma yana iya kashe jariri a ciki. Ba abin zama a gida ba ne. A nufi babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato. Shi ya sa duk wadda aka ga kiton a fitsarinta ya kamata ta nemi a duba sukarin jininta. Gwajin sugan ciki kuma ana yinsa ne tsakanin mako na 24 da na 28.

Rigakafin yana hannun gida. Mai ciki ta riƙa cin kaɗan-kaɗan akai-akai, kada ta kwana da yunwa, ta tafi awo da gorar ruwa da ɗan ƙosai ko dabino a jaka. Citta na rage tashin zuciya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince da ita, kamar yadda ta ba da shawara tun 2016 cewa a ga ma'aikatan lafiya sau 8 kafin haihuwa. Game da azumi, shari'a ta yi rangwame: wadda ke tsoron lafiyarta ko ta abin da ke cikinta ta sha, ta rama daga baya.

Maigida ke da kuɗin mota, shi ke ba da izinin fita. Idan matarka ta yi kwana ɗaya cur ruwa bai zauna mata ba, ko tana da ciwon suga ta fara amai, kada ka jira ranar awo. Ka kai ta asibiti a ranar.